Babi na Bakwai: Alƙalamin Gwamna

A watan Janairun 2022 babu majalisar da za ka zauna a Kano ba ka ji sunan Hanifa ba. Yarinya ce 'yar shekara biyar. An sace ta a watan Disamba tana dawowa daga Islamiyya, aka nemi iyayenta su biya naira miliyan shida, kuma wanda ya sace ta ba baƙo ba ne, mai makarantar bokon da take zuwa ne, mutumin da iyayenta suka damƙa wa amanarta da hannunsu. Da ya ga ta gane shi sai ya ba ta maganin ɓera, ya binne gawarta a harabar makaranta. Ranar da aka tono ta, mata sun yi kuka a gidajen da ba su taɓa ganin yarinyar ba. A gidajen rediyo kuwa duk wanda ya bugo waya magana ɗaya yake yi: a kashe shi, a kashe shi yau, a bainar jama'a.

Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya je ta'aziyya, ya kuma yi alkawarin cewa da zarar kotu ta yanke hukuncin kisa zai sa hannu ba tare da ɓata lokaci ba. Shari'ar ta yi saurin da ba a saba gani ba. Ranar 28 ga Yulin 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mai makarantar da wani abokin aikata laifinsa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Jama'a suka yi kabbara, suka watse. Ganduje ya sauka daga mulki a watan Mayun 2023 ba a rataye kowa ba.

Wanda bai san yadda abin yake tafiya ba zai ce gwamna ya saɓa alkawari. Gaskiyar ta fi haka tsawo. Hukuncin babbar kotu matakin farko ne. Akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, akwai Kotun Ƙoli, kuma tun a shekarun 1980 Kotun Ƙoli ta yanke cewa haramun ne a kashe mutum alhali ƙararsa tana gaban kotu. Kowane mataki yana iya cin shekaru. Sai an gama duk wannan takardar za ta iso teburin gwamna, tare da shawarar kwamitin jinƙai na jiha, kuma a nan ne take kwanciya. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya halatta ɗaukar rai bisa hukuncin kotu, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar da haka a shari'ar Onuoha Kalu a 1998. Sashe na 212 kuma ya ba gwamna ikon yin afuwa ko sassauci. Babu wani sashe da ya ce masa dole ya zaɓi ɗaya a cikin wata kaza. Saboda haka yawancinsu ba sa zaɓa.

Kotuna dai ba su daina yankewa ba, don doka ba ta ba su damar dainawa ba. A laifin kisan kai da gangan da laifin fashi da makami, in an samu mutum da laifi, hannun alƙali a ɗaure yake: kisa ne kawai, ko da zuciyarsa tana gaya masa wannan bai kai nan ba. Ƙofar shiga a buɗe, ta fita a rufe. A watan Yulin 2021 ministan cikin gida, Rauf Aregbesola, ya ce mutum 3,008 ne ke jiran kisa a gidajen yarin ƙasar nan, ya roƙi gwamnoni su sa hannu don a rage cunkoso. A watan Maris na 2025 shugaban hukumar gidajen gyaran hali ya gaya wa majalisar dattawa cewa sun kai 3,688. Rabon da a zartar da kisa a Najeriya tun Disambar 2016.

Me ya hana gwamnonin? Wani tsoron Allah ne, kuma ban raina wannan ba. Duk wanda ya san yadda ake haɗa takardun shari'a a ƙasar nan yana da dalilin da hannunsa zai yi rawa. Wani tsoron surutun ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da ƙasashen da ke ba da tallafi ne. Wani kuwa lissafin siyasa ne tsagwaronsa: wanda za a rataye yana da dangi da gari da ƙabila, kuma duk suna da ƙuri'a, alhali barin takarda a aljihun tebur ba ya jawo wa kowa zanga-zanga. Shekara huɗu ko takwas ba wuya, sai a bar wa na baya.

Sau biyu a 'yan shekarun nan wani ya ɗauki alƙalamin a fili, kuma duk a jiha ɗaya. A watan Yunin 2013 Shugaba Goodluck Jonathan, yana jawabi a coci, ya ce wa gwamnoni su riƙa sa hannu, domin yana cikin nauyin da suka yi rantsuwa a kansa. Ba a yi kwana goma ba, ranar 24 ga watan, aka rataye mutum huɗu a gidan yarin Benin, a Jihar Edo, zamanin Gwamna Adams Oshiomhole. Su ne na farko da aka sani tun 2006.

Biyar aka fitar daga ɗaki a wannan rana. Na biyar ɗin sunansa Thankgod Ebhos. An kama shi a 1988, wata kotun musamman ta fashi da makami da sojoji suka kafa ta yanke masa kisa a Kaduna a 1995, irin kotunan nan da ba a ɗaukaka ƙara daga gare su. Aka ja shi zuwa ɗakin rataya tare da sauran. Yana nan aka gama da huɗun. Da layi ya zo kansa sai ma'aikata suka duba takardarsa suka ga abin da aka rubuta harbi ne, ba rataya ba, kuma ba a tanadi masu harbi ba. Aka mai da shi ɗaki. Lauyoyi suka garzaya Kotun ECOWAS, ta hana a taɓa shi, kuma a watan Oktoban 2014 gwamnan Kaduna, Mukhtar Ramalan Yero, ya ba da umarnin a sake shi, bayan ya shekara goma sha tara yana jiran mutuwa.

Na daɗe ina juya wannan labari. Ba na cewa mutumin bai yi laifin da aka tuhume shi da shi ba. Abin da ya tsaya mini shi ne kalma ɗaya a kan takarda ita ta raba shi da kabari. Gwamnatin da ta ga ya cancanci mutuwa a 2013 ita ce, ta wani ofishin, ta ga ya cancanci komawa cikin iyalinsa a 2014, kuma babu wata sabuwar hujja da ta bayyana a tsakani. Da magatakardan kotu a 1995 ya rubuta rataya, da tuni ya zama ƙasa. Huɗun da suka riga shi hawa ba su fi shi laifi da wani ma'auni da kowa ya auna ba. Takardunsu ne suka dace da kayan aikin da ke gidan yarin a ranar. Bayan shekara uku, ranar 23 ga Disambar 2016, aka sake kashe mutum uku a Benin da sa hannun Gwamna Godwin Obaseki, wanda bai cika wata biyu a ofis ba. Daga nan shiru.

Masu kiran a dawo da kisa sukan yi magana kamar ba mu taɓa gwadawa ba. Mun gwada, har mun wuce gona da iri. Bayan yaƙin basasa bindigogi sun bazu, fashi ya yi yawa, gwamnatin Gowon ta kafa dokar fashi da makami ta 1970, aka fara ɗaure mutane a turke a jingina su da ganguna a harbe su a fili. A watan Satumban 1971 dubban mutane suka cika bakin teku na Bar Beach a Legas don kallon harbe ɗan fashi Ishola Oyenusi. Manyanmu da suka rayu a wancan zamani suna ba da labarin yadda ake zuwa kallo da yara a kafaɗa, masu talla suna ciniki. A watan Afrilun 1985, zamanin Buhari da Idiagbon, aka harbe samari uku kan safarar hodar ibilis, da dokar da aka kafa bayan an aikata laifin aka mai da ita baya ta kama su. A 1987 aka harbe ɗan fashi Lawrence Anini a Benin. A rana ɗaya tak cikin Yulin 1995 aka harbe mutum 43 a Kirikiri. Cikin Nuwamban wannan shekara aka rataye Ken Saro-Wiwa da abokan gwagwarmayarsa takwas a Fatakwal. Ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta cewa tsakanin 1970 da 1999 an zartar da kisa a kan mutum fiye da 2,600.

Shekara kusan talatin ana harbi. In tsoron turke yana hana fashi, da Anini bai taso shekara goma sha biyar bayan Oyenusi ba, da kuma hanyoyinmu sun zama lafiya lau kafin 1999. Duk wanda ya yi tafiyar dare a shekarun 1990 ya san ba haka aka yi ba. Kuma igiyar da aka murɗa don ɗan fashi ita aka rataye Saro-Wiwa da ita. Wannan darasi ne da ya kamata duk mai neman a sauƙaƙa wa gwamnati kisa ya riƙe: ba kullum wanda kake ƙi ne zai kasance a ƙarshen igiyar ba.

A 'yan shekarun nan ma jihohi sun yi ta ƙara laifuffukan kisa a takarda. Katsina ta sa kisa kan garkuwa da mutane da satar shanu a 2019. Kaduna ta sa dandaƙa da kisa kan yi wa ƙananan yara fyaɗe a 2020. Zamfara ta sa kisa kan 'yan bindiga da masu kai musu rahoto a 2022. Ɗan bindigar da ke dajin Rugu ko na Sububu, wanda jirgin yaƙi ke nemansa da rana, bai fasa tare hanya ba don an sa hannu a wata doka a gidan gwamnati. Abin da zai sa shi tunani shi ne tabbacin za a kama shi, kuma ya san da wuya. Yana ma ganin ana kiran ire-irensa zaman sulhu.

Ba mu kaɗai ke wannan kai-komo ba, kuma kusan ko'ina abu ɗaya ne ke dawo da hauni bakin aiki: wani tashin hankali da ya girgiza ƙasa, sai gwamnati ta nemi abin da za ta nuna ta yi. Pakistan ta shekara shida da dakatar da kisa in ban da wani soja guda, sai aka kashe mutum fiye da 140, yawancinsu yara, a makarantar sojoji ta Peshawar a Disambar 2014. A shekarar da ta biyo baya ta rataye fiye da 300, kuma mafi yawansu ba 'yan ta'adda ba ne. Chadi ta harbe 'yan Boko Haram goma a watan Agustan 2015, kwana ɗaya bayan yanke musu hukunci, sannan a 2020 ta soke hukuncin gaba ɗaya. Yahya Jammeh ya kashe fursunoni tara a Gambiya a 2012 bayan shekaru masu yawa ba a yi ba. Kwango ta Kinshasa ta ɗage dakatarwar shekara ashirin a watan Maris na 2024, tana cikin yaƙi a gabashinta. A ɗaya ɓangaren Saliyo ta soke a 2021, Ghana ta cire shi daga laifuffukan yau da kullum a 2023, Zimbabwe ta bi a ƙarshen 2024. Nijar tana nan kamar mu, dokar tana littafi, sai dai rabonta da zartarwa tun 1976, lokacin da aka harbe waɗanda suka yi yunƙurin kifar da Seyni Kountché.

Amma a ƙasar Hausa ba a kan waɗannan alƙaluma ake gardamar ba. Da ka fara lissafin ko kisa yana hana laifi ko ba ya hanawa, wani dattijo zai ɗaga maka hannu ya ce, “Yaro, ƙisasi hukuncin Allah ne, ba a sa shi a sikeli.” Kuma yana da gaskiya. Ni Musulmi ne, ba ni da ja a kan ayoyin Suratul Baƙara da suka wajabta ƙisasi suka kuma bayyana cewa akwai rayuwa a cikinsa. Tambayata ga dattijon ita ce: Baba, abin nan da muke roƙon gwamna ya sa wa hannu, shi ne ƙisasin?

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi alƙalanmu suka yi hukunci da shi ɗaruruwan shekaru, jinin wanda aka kashe haƙƙin magadansa ne. Su ake kira waliyyan jini. Bayan an tabbatar da laifi, su za a juya a tambaya: kuna son a kashe, ko kun yafe, ko za ku karɓi diyya? In ɗaya daga cikin masu wannan haƙƙi ya yafe, kisa ya faɗi. Ayar da ta zo da ƙisasi ita ta zo da yafiya a cikinta, ta kira mai yafewar ɗan'uwan wanda ya yi kisan. In an yafe, ba sakin mai laifin ake yi ya tafi kasuwa ba. Malikiyya sun ce bulala ɗari da ɗaurin shekara. Diyya kuwa ba ƙaramin abu ba ce, raƙuma ɗari ne ko dinare dubu na zinariya, abin da zai riƙe marayun mamaci. Sarki aikinsa ya tabbatar an bi ƙa'ida, sannan ya miƙa wa hauni. Ba shi da ikon yafe jinin da ba nasa ba, ba shi kuma da ikon ajiye hukuncin shekara ashirin don yana jin nauyi.

Akwai togiya, kuma ta shafi labarin da muka fara da shi. Malikiyya sun ware kisan da aka yi ta hanyar yaudara, a ja mutum da amana zuwa inda ba mai cetonsa a kashe shi don dukiya ko makamancinta. Larabawa suna ce masa gila, mu muka ce kisan gilla. Wannan ba ya karɓar yafiyar magada, domin an ɗauke shi ta'addanci ne ga al'umma duka. Wato fiƙihu ya bambanta wanda ya yaudari yarinya 'yar shekara biyar da wanda faɗa ya kaure tsakaninsa da maƙwabcinsa a kan iyakar gona ya kai masa sara. Dokar da kotunanmu suke aiki da ita a yawancin shari'o'in kisa ba ta san waliyyan jini ba sam. Uban mamaci shaida ne kawai, in an kira shi. Ƙarar ta gwamnati ce, afuwar ta gwamna ce. Yana iya wayar gari ranar bikin 'yancin kai ya ji a rediyo an yafe wa wanda ya kashe masa ɗa, ba wanda ya tuntuɓe shi. Yana kuma iya yafewa shi da kansa, don Allah, a ce masa ba ruwan kotu da yafiyarsa.

Yadda aka yi haƙƙin ya suɓuce daga hannun magada yana da tarihi. Turawa da suka ci ƙasar nan sun bar wa manyan kotunan sarakuna ikon yanke kisa, da sharaɗin sai Gwamna ya tabbatar. A 1947 aka yi shari'ar Tsofo Gubba: ya kashe kwarton matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa bisa Malikiyya, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, tana cewa a dokar Turawa tunzura shi aka yi, laifinsa bai kai na kisa ba. Sarakuna suka fusata, aka yi shekara goma ana ja-in-ja kan wace doka ce a sama. Da 'yancin kai ya matso, gwamnatin Sardauna ta gayyato masana a 1958, cikinsu har da babban jojin Sudan, Abu Rannat, da wani alƙali daga Pakistan, aka fito da kundin Penal Code wanda ya fara aiki a 1960. Sulhu ne aka yi don a zauna lafiya da sauran ƙasa, kuma a cikin abin da aka sadaukar har da muryar waliyyan jini.

Da jihohi goma sha biyu suka dawo da dokokin laifuffuka na Shari'a daga 2000, ƙisasi da diyya sun koma littafi. Sai dai kisa ɗaya aka sani an zartar ta wannan hanya. Sani Yakubu Rodi, wanda kotun Shari'a a Katsina ta samu da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu a gidansu, an rataye shi a gidan yarin Kaduna ranar 3 ga Janairun 2002, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ba shi da lauya, bai ɗaukaka ƙara ba, kuma tsakanin hukunci da rataya bai fi wata biyu ba. Laifin da aka tuhume shi da shi mummuna ne ƙwarai. Duk da haka ina ganin ba daidai ba ne a ce wanda aka fi saurin kashewa shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa.

Nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. Shari'a ta tsananta wajen hujja kafin a zubar da jini: shaidu adilai, ko iƙirarin da mutum ya yi da ransa ba tilas, kuma malamai sun yi ittifaƙi cewa shubuha tana tunkuɗe haddi, gara shugaba ya yi kuskure wajen yafiya da ya yi kuskure wajen uƙuba. To mu da me muke tabbatar da laifi? Binciken da Amnesty da ƙungiyar lauyoyi ta LEDAP suka fitar a 2008 ya gano cewa fiye da rabin masu jiran kisa a Najeriya da iƙirarinsu aka kama su. Kowa a ƙasar nan ya san yadda ake samo iƙirari a bayan kanta. Saninsa ne ya sa dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a bidiyo ko a gaban lauyansa, aka kuma yi dokar hana azabtarwa a 2017. Tun kafin nan, kwamitin da Shugaba Obasanjo ya kafa kan hukuncin kisa ya ba da shawara a 2004 cewa a dakatar da zartarwa har sai an gyara tsarin, domin tsarin da zai ɗauki rai dole ya fara iya yin adalci. 'Yan Najeriya ne suka rubuta wannan, bayan sun zagaya ƙasar.

Ka shiga ɓangaren masu jiran kisa a kowane gidan yari ka nemi ɗan mai kuɗi. A Jihar Osun an kama wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai a 2010 kan satar kaji. Da yake an ce da makami aka shiga gidan, laifin ya zama fashi, a 2014 aka yanke masa rataya. Ya shekara goma yana jiran igiya kafin labarin ya bazu a intanet gwamna ya yi masa afuwa a Disambar 2024. Wanda ya wawure kuɗin asibitin jiha guda, mata suka mutu wajen haihuwa saboda babu jini babu magani, ba ya cikin wannan layi, kuma ba zai taɓa shiga ba.

Kanawa ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Madina a Disambar 2018 ba, bayan an samu ƙwayoyi a wata jaka mai ɗauke da sunanta. A Saudiyya wannan laifin kisa ne, kuma ana zartarwa. A watannin da take tsare ma an kashe wata 'yar Najeriya a can kan safarar ƙwaya. Mahaifinta bai zauna ba, ya yi ta bin ofisoshi har bincike a gida ya bankaɗo gungun ma'aikatan filin jirgin sama da ke liƙa sunan fasinja a kan jakar da ba tasa ba. Aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Duk garin ya yi mata addu'a a lokacin, har da masu cewa a riƙa kashe dillalan ƙwaya ba tare da dogon bincike ba. Dogon binciken nan shi ya dawo da ita gida.

Ba zan bar masu neman a soke hukuncin su tafi haka ba, don su ma suna da nasu laifin a cikin wannan tsaiko. Tun zamanin shari'ar Safiya Hussaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina, waɗanda kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a ne da kansu suka wanke su a 2002 da 2003 da hujjojin fiƙihu, yawancin masu wannan kira suke magana da harshen da talakan Arewa yake ji kamar zagin addininsa ne. Suna da sunan kowane fursuna, ba su da sunan wanda aka kashe. Ba ka ganinsu a gidan makoki. Mutumin da aka yanka masa ɗa, aka ce ya yi haƙuri doka za ta yi aikinta, ya sayar da gona yana zirga-zirgar kotu shekara goma, sannan wani ya zo daga Abuja ya ce masa kisa rashin wayewa ne, me kake tsammanin zai ji? Kuma in mutane suka yanke ƙauna daga kotu, taya da fetur ne ke maye gurbinta. Jihar Edo da ta fi kowa sa hannu a takardar kisa, a cikinta ne, a garin Uromi, gungun mutane suka ƙone mafarauta 'yan Arewa goma sha shida a watan Maris na 2025 suna hanyar komawa gida salla, ba alƙali ba shaida. Rataya bakwai da aka yi a Benin ba ta dawo wa kowa da yarda da kotu ba.

Abin da nake gani shi ne kada gwamna ya sa hannu a kan kowace takarda da iƙirarin ofishin 'yan sanda kaɗai ya haifa, ko wadda aka yi shari'arta ba lauya, ko ta fashin da ba a kashe kowa ba. Waɗannan a sake duba su ɗaya bayan ɗaya, a sassauta. Hanyar ma tana nan: dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban jojin jiha ikon mai da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai ga wanda ya gama ɗaukaka ƙara ya kuma shekara goma ba a zartar ba. A kwance wa alƙalai hannu su iya bambanta kisan gilla da kisan faɗa. A kisan kai kuwa, a mai da wa magada kujerarsu: kafin kwamitin jinƙai ya rubuta wa gwamna komai, a kira su a zaunar, a tambaye su abin da Shari'a ta ce a tambaye su, a kuma sa diyya ta zama abin da kotu za ta iya tilastawa. Na tabbata da yawa za su yafe in aka girmama su da tambayar, kamar yadda ake gani a Saudiyya da Iran, inda iyaye kan yafe a filin kisa, wani lokaci igiya tana wuyan mai laifi. Waɗansu ba za su yafe ba, kuma haƙƙinsu ne. In shari'a ta tsarkaka daga shubuha, aka bi kowane mataki, magada suka ce jini suke so, to gwamnan da ya nemi kujerar da ƙafarsa ba shi da hurumin ɓoye takardar a aljihun tebur.

A yanzu dai ba a tambayar kowa. Mutum fiye da dubu uku suna kwana suna sauraron takun gandiroba da asuba, wasu tun suna samari har sun yi furfura, wasu sun haukace. A waje kuma akwai gidaje dubbai da aka ce musu an yanke hukunci, suka yi kabbara a harabar kotu, suka koma gida suna jiran sanarwa a rediyo.